Tarihin Waƙafi a Rubutun Ingilishi: Daga Numfashin Mai Karatu Zuwa Hukuncin Alƙali



Gabatarwa

Lokacin da na shaida wa wani abokin aikina cewa a kan waƙafi zan yi wannan lacca, dariya ya yi, ya ce ashe dai batutuwa sun ƙare mana. Ban ga laifinsa ba. A cikin dukkan alamomin rubutu babu wadda aka raina kamar wannan ɗan ɗigo mai wutsiya. Ɗalibi yakan yayyafa shi a takardar jarrabawa kamar mai zuba gishiri a miya, akawu kuma yakan sa shi ko ya bar shi gwargwadon yadda hannunsa ya ga dama.

Amma dokar ƙasarmu ba ta raina shi ba. Dokar Fassara Dokoki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, ta faɗa a sashenta na uku cewa alamomin rubutu wani ɓangare ne na doka, kuma wajibi ne a lura da su a lokacin da ake fassara ta. Tun da yake da Ingilishi ake rubuta dokokinmu da yarjejeniyoyinmu da wasiƙun ofisoshinmu, lalle waƙafin Ingilishi ya shafi aljihun ɗan kwangila da matsayin ma'aikaci, har ma da 'yancin wanda ke tsaye gaban shari'a.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, waƙafin Ingilishi ya yi aiki iri biyu a tarihinsa. Da fari alama ce ta numfashi, wadda ke gaya wa mai karatu da murya inda zai ɗan dakata. Daga baya ya koma alamar nahawu, wadda ke nuna wa ido yadda sassan jimla suka danganci juna. Mafi yawan kurakuran da muke yi sun samo asali ne daga bin tsohuwar ƙa'idar a zamanin da sabuwar ke mulki.

Zamanin da babu alama

Tsofaffin Girkawa, da Rumawa a wani dogon zango na tarihinsu, suna rubutu ne ba tare da barin fili tsakanin kalmomi ba. Baƙaƙe kawai ake jerawa daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Wannan bai dame su ƙwarai ba, domin a wurinsu rubutu abin furtawa ne da murya a gaban jama'a, kuma mai karatu yakan yi bitar takarda tun kafin ya tsaya gaban mutane. Karatun zuci kuwa bai yawaita ba. A ƙarshen ƙarni na 4 na Miladiyya, Augustine ya ga malaminsa Ambrose na birnin Milan yana karatu bakinsa a rufe, abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta labarinsa.

Mutumin da ake danganta wa farkon tsarin alamomi shi ne Aristophanes na Bizantiya, shugaban babban ɗakin karatu na Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 200 kafin Miladiyya. Ɗigo ɗaya ne tak, amma matsayinsa uku. Idan aka sa shi a tsakiyar tsayin baƙi, gajeren yankin magana ya ƙare. Idan aka sa shi a ƙasa, yankin ya fi tsawo. Idan kuwa a sama yake, magana ta cika. Girkawa suna kiran gajeren yankin nan komma, watau abin da aka yanke. Ke nan asalin sunan na guntun maganar ne, sai daga baya ya koma kan alamar da ke ƙarshenta.

A wajen shekara ta 400, Jerome, wanda ya fassara Littafin Baibul zuwa Latin, ya bi wata dabara a wasu sassan aikinsa: kowane yankin ma'ana ya fara shi a sabon layi, domin wanda bai ƙware ba ya iya karantawa a majami'a ba tare da tuntuɓe ba. Isidore na Sabil a ƙasar Sifen, wanda ya rasu a 636, ya sake bayyana tsarin ɗigo uku ga almajiran zamaninsa. Barin fili tsakanin kalmomi kuwa, marubutan Ailan da na Ingila ne suka yaɗa shi a ƙarni na 7 da na 8. Dalilinsu abin lura ne a gare mu. Latin baƙon harshe ne a wurinsu, a littafi suka koye shi, saboda haka suna bukatar duk wani taimako da ido zai samu. Wanda ke aiki da harshen da ba na uwarsa ba ya fi kowa bukatar alama.

Mu ma sunayen da muke kiran alamomin nan da Hausa suna ɗauke da irin wannan tarihi. Waƙafi daga Larabci muka aro shi, ma'anarsa tsayawa, kuma kowane almajirin makarantar allo ya san shi a matsayin inda mai karatu zai yanke numfashi. Haka nan kalmar aya. Tun daga sunan, Bahaushe ya ɗauki waƙafi abin da ya shafi murya ne.

Maɗaba'a ta ba waƙafi siffarsa

A farkon ƙarni na 13 wani malamin koyar da rubuta wasiƙu a birnin Bologna na Italiya, mai suna Boncompagno, ya ba da shawarar a riƙa jan ɗan karan layi a karkace domin nuna gajeriyar tsayawa. Da Latin ana kiran wannan layi virgula, watau ƙaramar sanda. Har gobe da wannan suna Faransawa ke kiran waƙafi, kamar yadda 'yan'uwanmu na Jumhuriyar Nijar suka sani. Lokacin da William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila, a Westminster a 1476, da wannan karan layi ya yi amfani a littattafansa na Ingilishi.

Siffar da muka sani a yau daga birnin Benis ta fito. A can ne Aldus Manutius ya kafa maɗaba'arsa a shekarun 1490, tare da wani gwanin sassaƙa baƙaƙe mai suna Francesco Griffo. A littattafan da suka buga, karan layin ya sauko ƙasa, ya gajarta, ya lanƙwashe. A wani ɗan littafi na Pietro Bembo da suka buga a 1496 ana ganin wannan sabon waƙafi, tare da waƙafi mai ruwa. Maɗaba'a ta yi abin da dubban magatakarda suka kasa, domin da zarar an zuba siffar alama a ƙarfe, kwafi ɗari biyar za su fito iri ɗaya. A farkon rabin ƙarni na 16 masu ɗab'i na Ingila suka karɓi wannan siffa, karan layi ya fara ja da baya.

Jikan Aldus, wanda ya ci sunan kakansa, ya buga wani bayani a kan alamomin rubutu a 1566. A cikinsa ya ɗora alamomin a kan ginin jimla, watau aikinsu shi ne fayyace ma'ana. Ba abin mamaki ba ne wannan ra'ayi ya fito daga gidan ɗab'i. Littattafai sun yi araha, mutane sun fara karatu su kaɗai a ɗakunansu, kuma mai karatun zuci ba numfashi ne damuwarsa ba, so yake ya gane wace kalma ke tafiya da wace.

Mazhabobi biyu a Ingila

Daga nan malaman Ingilishi suka rabu gida biyu, kuma an shafe fiye da shekara ɗari uku ana wannan ja-in-ja. Richard Mulcaster, shugaban wata babbar makaranta a Landan, ya bayyana waƙafi a littafinsa na 1582 a matsayin alamar da ke gargaɗin mai karatu ya ɗan huta, ya taimaki numfashinsa. Ben Jonson, marubucin wasannin kwaikwayo, wanda aka buga littafin nahawunsa a 1640 bayan rasuwarsa, ya fi karkata ga ginin jimla.

Mazhabar numfashi ta kai ƙololuwarta a hannun Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan. A littafin nahawunsa na 1762 ya auna alamomin kamar yadda makaɗa ke auna tsawon sauti. Tsayawar waƙafi mai ruwa ninki biyu ce ta waƙafi, ta ruwa biyu ninki biyu ce ta waƙafi mai ruwa, ta aya kuma ninki biyu ce ta ruwa biyu. Watau ɗaya, biyu, huɗu, takwas. Lissafi ne mai daɗin koyarwa, sai dai babu mutum biyu da tsawon numfashinsu ya zo ɗaya.

Lindley Murray, lauya haifaffen Amurka wanda ya zauna kusa da birnin York, ya rubuta nasa littafin nahawun a 1795 domin wata makarantar 'yan mata. Littafin ya bazu a Ingila da Amurka, aka yi ta sake buga shi shekaru da dama. Murray ya tsara dokoki har ashirin a kan waƙafi kaɗai, yana ƙoƙarin haɗa numfashi da nahawu a tukunya ɗaya. Daga cikin abin da ya yarda da shi akwai sanya waƙafi kafin aikatau idan yankin sunan da ya gabace shi ya yi tsawo. Wannan a yau kuskure ne da malamin Ingilishi zai ja wa jan layi. Duk wanda ya buɗe littafin Ingilishi na ƙarni na 18 ko na 19 zai tarar da waƙafi birjik, kusan bayan kowace kalma biyar ko shida.

Iska ta juya a farkon ƙarni na 20. A 1906 'yan'uwan nan biyu, Henry da Francis Fowler, suka buga littafinsu a kan kyakkyawan Ingilishi, inda suka yi kira da a rage alamomi, a sa su inda ma'ana ta bukata. Jaridu ma sun taimaka, domin gajerun jimloli suke so, kuma fili a shafin jarida kuɗi ne. Ingilishin da ya zo mana ta makarantun boko da ofisoshin mulki ya iso ne a daidai lokacin da ake wannan sauyi, shi ya sa tsofaffin fayiloli da sababbin littattafai ba su cika yin magana da baki ɗaya ba.

Waƙafin jerin abubuwa

Akwai wuri guda da har yanzu Turawa ba su daidaita ba, watau waƙafin da ke zuwa kafin kalmar and ko or a ƙarshen jerin abubuwa uku ko fiye. Wani zai rubuta millet, maize, and rice, wani kuma ya rubuta millet, maize and rice. Bahaushe ba shi da wannan matsala, domin shi yakan maimaita mahaɗi ne, ya ce da gero da masara da shinkafa, kowane abu da iyakarsa. Ingilishi kuwa sau ɗaya yake faɗin mahaɗin, sauran iyakokin waƙafi ne ke riƙe da su.

Horace Hart, wanda ya shugabanci sashen ɗab'i na Maɗaba'ar Jami'ar Oxford daga 1883 zuwa 1915, ya fara tsara ƙa'idojin gida domin masu jera baƙaƙe da masu duba gyara a 1893. A 1905 Howard Collins ya buga wani ƙamus na marubuta da masu ɗab'i, wanda ya goyi bayan sanya wannan waƙafi na ƙarshe. Maɗaba'ar Oxford ta riƙe wannan al'ada, har ake kiran alamar da sunan waƙafin Oxford. A Amurka, littafin ƙa'idoji na Maɗaba'ar Jami'ar Chicago yana goyon bayansa, haka ma William Strunk na Jami'ar Cornell a ɗan littafinsa na 1918. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press da mafi yawan jaridun Ingila kuwa ba su sa shi a jeri mai sauƙi.

Kowane ɓangare yana da hujja. A duba wannan jimla: I travelled with my brothers, Audu and Garba. Mai karatu bai san ko Audu da Garba su ne 'yan'uwan ba, ko kuwa ƙari ne a kansu. Idan aka sa waƙafi bayan Audu, shakka ta kau, tafiyar ta 'yan'uwa ce da wasu mutum biyu. Amma a duba wannan kuma: I travelled with my teacher, Audu, and Garba. A nan waƙafin ƙarshen ne ya jawo ruɗu, domin ana iya ɗauka Audu shi ne malamin, ana kuma iya ɗauka mutum uku aka lissafa. Saboda haka babu ƙa'idar da za ta ɗauke wa marubuci nauyin sake karanta abin da ya rubuta. Inda alama ta kasa, sai a sake gina jimlar.

Waƙafi a gaban shari'a

Lauyoyin Ingila na dā sun san haɗarin wannan alama, shi ya sa suka daɗe suna rubuta takardun gado da na cinikin filaye ba tare da waƙafi ba, domin kada wani ya ɗiga tawada daga baya ya juya ma'ana. Kotunansu ma sun daɗe ba su ba alamomin da ke cikin doka nauyi ba. Amma tarihi ya nuna cewa gudun waƙafi bai hana rigima ba. Zan kawo misalai huɗu.

Na farko daga Amurka. Dokar kuɗin fito ta 1870 ta yafe haraji a kan dashen itatuwan marmari na ƙasashe masu zafi, waɗanda ake shigowa da su domin shukawa. Kalmomi biyu ne a jere, fruit da plants, suna nufin abu guda. Da aka sake tsara dokar a 1872, sai waƙafi ya shiga tsakaninsu, abu guda ya koma abu biyu, watau 'ya'yan itace daban, tsirrai daban. Fatake masu shigo da lemo da ayaba da abarba suka ce ai doka ta yafe musu. Baitulmali ya yi gardama da farko, daga baya ya sakar musu, ya mayar da kuɗin da ya karɓa. Kafin Majalisa ta gyara dokar a 1874, gwamnati ta yi asarar kimanin dala miliyan biyu, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani.

Na biyu ya shafi rai. Roger Casement ɗan Ailan ne da ya yi aikin gwamnatin Ingila a Kalaba a shekarun 1890, sa'an nan ya zama ƙaramin jakada a Kwango, inda rahotonsa na 1904 ya tona irin zaluncin da ake yi wa mutanen ƙasar wajen tara roba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi Jamus neman taimako domin 'yancin Ailan. An kama shi a watan Afrilu na 1916, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa a ƙarƙashin wata doka ta 1351, wadda aka rubuta da tsohon Faransancin Normandi ba tare da irin alamomin da muka sani ba. Dokar ta yi maganar goyon bayan maƙiyan sarki a cikin masarautarsa, da ba su taimako a cikin masarautar ko a wani wuri. Lauyan Casement ya ce laifin da dokar ke nufi sai an aikata shi a cikin ƙasa, alhali abin da Casement ya yi a Jamus ya yi shi. Gardamar ta tsaya a kan inda kalmomin ko a wani wuri suka rataya, watau inda ya kamata waƙafi ya zauna. Sai da wasu alƙalan ɗaukaka ƙara suka je suka duba tsohuwar fatar da aka rubuta dokar a kanta. Kotu ta yanke cewa dokar ta haɗa da abin da aka aikata a waje, aka rataye shi ran 3 ga Agusta, 1916. Mutane sukan ce waƙafi ne ya rataye shi. Akwai ƙari a wannan magana, domin malaman shari'a na dā sun riga sun fassara dokar haka, amma ta nuna inda rashin alama ke iya kai gardama.

Na uku daga Kanada. A 2002 kamfanin Rogers da kamfanin Aliant suka ƙulla yarjejeniya a kan amfani da turakun waya. Wata jimla ta ce yarjejeniyar za ta yi shekara biyar, sa'an nan ta riƙa sabuntuwa shekara biyar biyar, sai fa idan wani ɓangare ya ba da sanarwar shekara guda. Akwai waƙafi kafin wannan sharaɗi na ƙarshe. A 2006 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta ce wannan waƙafi ya sa sharaɗin ya shafi har zangon farko, saboda haka ana iya warware yarjejeniyar kafin shekara biyar ta cika. A 2007 hukumar ta sake ra'ayi, bayan da ta duba kwafin yarjejeniyar na Faransanci, wanda ma'anarsa ta fito sarai.

Na huɗu daga Jihar Maine ta Amurka. Dokar jihar ta lissafa ayyukan sarrafa abinci mai saurin lalacewa waɗanda ba a biyan kuɗin ƙarin lokacin aiki a kansu, jerin ya ƙare da kalmomin packing for shipment or distribution. Direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka ce tun da babu waƙafi kafin or, aiki ɗaya ake nufi, watau ɗaure kaya domin aikawa ko domin rarrabawa, su kuwa rarrabawa suke yi, ba su ɗaure kaya. Kamfani ya ce aiki biyu ne. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma a irin wannan hali ma'aikaci ake bai wa rinjaye. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan biyar. Abin lura shi ne, littafin ƙa'idojin tsara dokoki na jihar shi ne ya hana sanya waƙafin ƙarshe a jeri. Magatakarda sun bi ƙa'idarsu sau da ƙafa, ƙa'idar ce ta kai su ta baro. Majalisar jihar ta sake rubuta jerin, ta raba kowane aiki da waƙafi mai ruwa.

Abin da ya shafe mu

Yanzu bari mu dawo teburin ɗalibi da na ma'aikaci. Shawarar da aka ba yawancinmu a firamare, cewa a sa waƙafi duk inda aka ja numfashi, ita ce ta Mulcaster ta 1582. Ga wurare huɗu da take yaudararmu.

Na ɗaya, tsakanin mai aiki da aikatau. Akan ga an rubuta: The officer in charge of the stores, has gone on leave. Wannan waƙafi ba shi da gurbi a Ingilishin yau, komai tsawon yankin sunan. A ganina Hausa tana da hannu a wannan kuskure, domin mu mukan gabatar da wanda ake magana a kansa mu ɗan tsaya, mu ce shi ma'ajin nan kuwa, ya tafi hutu. Wannan daidai ne a Hausa, amma ba a ƙetara da shi.

Na biyu, haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai, kamar a ce: The rains came late, the harvest was poor. Waƙafi ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan kaya. Sai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a kawo mahaɗi irin su and ko so.

Na uku shi ne mafi haɗari a ofis. A kwatanta waɗannan biyu: The clerks who came late were queried, da kuma The clerks, who came late, were queried. A ta farko, waɗanda suka makara ne kaɗai aka ba takardar tuhuma. A ta biyu, dukkan akawunan sun makara, dukkansu kuma an tuhume su. Kalmomin ɗaya ne, amma a jimla ta biyu an shafa wa marasa laifi kashin kaji. Ƙa'idar ita ce, bayanin da ke ware wasu daga cikin wasu ba a kewaye shi da waƙafi, bayanin da ƙari ne kawai shi ake kewayewa, kuma da waƙafi biyu, gaba da baya.

Na huɗu, jerin abubuwa. Kowace ma'aikata ta zaɓi tsari ɗaya ta riƙe shi a dukkan takardunta. A takardun shari'a da na kwangila, ni dai ina ba da shawarar sanya waƙafin ƙarshe, domin amfaninsa ya fi illarsa. Idan abubuwan da ake lissafawa dogaye ne, ko suna da waƙafi a cikinsu, a raba su da waƙafi mai ruwa, ko a ba kowanne lamba da layinsa, kamar dai yadda Jerome ya yi tun shekara dubu ɗaya da ɗari shida da suka wuce.

Ga masu hulɗa da ƙetaren iyaka akwai ƙarin gargaɗi game da alƙaluma. A tsarin Ingilishi 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A tsarin Faransanci, wanda ake bi a Nijar da Cadi, wannan rubutu ɗaya da rabi yake nufi. Mai tsara takardar ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi ya kyautu ya rubuta adadin da kalmomi a gefen alƙaluman.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a masu sauraro, mun bi wannan alama daga ɗakin karatu na Iskandariyya zuwa maɗaba'ar Benis, daga ajin Lowth da Murray zuwa kotunan Landan da Amurka. Abin da tafiyar ta nuna shi ne, da rubutu ya bar bakin mai karatu ya koma fayil, aikin waƙafi ya koma tsare ma'ana a inda marubuci ba ya nan balle a tambaye shi abin da yake nufi. Takardar da ka sa wa hannu yau, mai yiwuwa ne wanda bai taɓa jin muryarka ba ya karanta ta bayan shekara ashirin, kuma abin da ke kan takardar zai bi. Saboda haka kafin ka sa waƙafi ko ka cire shi, ka tambayi kanka ko ma'anar jimlar za ta sauya. Idan kuma ka ga jimla na iya ɗaukar fassara biyu, ka rushe ta ka sake gini tun tana kan teburinka.